Kaset ɗin da Yaya Iliya bai ɓalle wa kunne ba

Shekara tara ke nan cif, a wannan makon, da muka kai yayana Malam Iliya makwancinsa. Duk wanda ya yi firamare a Kafanchan a zamaninsa zai tuna dogon hedimastan nan mai biro biyu a aljihu, wanda tarinsa kaɗai kan sa aji ya yi tsit. Ba labarin makarantarsa zan ba ku ba. An yi wannan ranar jana'iza, har an ƙara gishiri. Ni labarin rediyonsa zan bayar, da wani kaset guda ɗaya da ya bar mini. A duk duniyar nan, cikin kaset ɗin ne kawai muryarsa ta rage, kuma injin da zai iya kunna shi ya kusa bin mai shi.

Mun ce masa rediyo ne don ba mu da wani suna. Da Yaya ya yi ritaya ya sayo shi, baƙi wuluk, da lasifika biyu da suka kai gwiwar mutum. A sama akwai faranti mai fitowa da kansa, ya karɓi faifai uku ya koma ciki, ya riƙa juya su ɗaya bayan ɗaya ba tare da an taɓa shi ba. A tsakiya rediyo, wanda Yaya ya ɗaure wa waya a ƙarfen taga don ya kama tasha sosai. A ƙasa ƙofofin kaset biyu, ta hagu ta saurare kawai, ta dama kuma mai ɗaukar magana. Mahaifiyarmu, da muke kira Mama, ba ta taɓa yarda da shi ba. Ta ce rediyo labari yake bayarwa, faifai waƙa yake yi, amma kaset magulmaci ne, tunda abin da ka faɗa shi zai maimaita a gaban baƙi.

Dokokin injin nan sun fi na makaranta yawa. In an kawo wuta, ba a kunna shi sai an jira ta zauna, don wutar garinmu kan shigo da fushi. Faifai a gefe ake riƙe shi, ba a ciki ba. Ba a tura farantin da hannu, maɓalli ake dannawa a bar shi ya koma da mutuncinsa. Duk Asabar Yaya zai naɗa auduga a tsinke ya goge kan da kaset ke bi, yana hura iska kamar mai cire wa jariri ƙaiƙayi a ido. In ya gama ya lulluɓe shi da farin leshi. Ni da na yi shekaru ina karɓar haihuwa a asibiti, an amince mini da rayuka biyu a lokaci guda, ban isa in taɓa maɓallin ƙara murya ba. Na sha faɗa masa cewa ko matarsa bai lallaɓa haka ba, sai ya ce ai ita tana iya faɗin inda ke mata ciwo.

Mutane sun ɗauka don waƙoƙin coci ya saye shi. Da gaske ne ran Lahadi da safe yakan jera faifai uku, unguwa duka ta yi shirin sujada da su. Amma ainihin aikinsa na ƙofar dama ne. Yaya ya lura tsofaffinmu suna tafiya ɗaya bayan ɗaya da yarenmu a bakinsu, yara kuma sun koma Hausa da Turanci. Sai ya riƙa gayyato su falonsa, ya ba su kunu, ya kafa musu makirfo. Wannan ya ba da labarin yadda aka shimfiɗa layin dogo, wancan ya lissafa kakanni, wata ta yi waƙar shukar acca. Kafin ya danna jan maɓalli sai an kori kaji daga tsakar gida. Yana dannawa zai ɗaga yatsa ɗaya sama, daga nan shi kansa ya zama kurma. Ko tambaya ce da hannu yake yin ta. Ya ce kaset na mai magana ne, ba na mai inji ba.

In kaset ya cika, sai ya rubuta sunan mai shi, ya ɗauki makulli ya ɓalle ɗan kunnen roban nan da ke gindinsa. Ya taɓa nuna mini, ranar da yake cikin raha. Ya ce, "Hannatu, duba nan. Kaset da aka ɓalle wa kunne, jan maɓalli ba zai shiga ba ko kin hau shi da ƙafa. In ya shiga, to babu kowa a ciki." Na riƙe wannan magana da kyau, kuma ita ce ta kai ni ta baro.

Mama ta daɗe tana ƙi, sai a shekararta ta ƙarshe ta yarda ta zauna gaban magulmacin. Waƙoƙin niƙa ta yi masa, waɗanda takan rera tana durƙushe a kan dutse tun muna ƙanana. Numfashinta ya riga ya gajarta, don haka kaɗan-kaɗan yake ɗauka, yau baiti biyu, jibi uku. Ni a lokacin ina aiki a wani gari, ban san ana yi ba. Ta rasu da damina.

Wata huɗu bayan haka na zo hutu gidansa. Ran wata Asabar ya tafi Kachia neman irin citta, sai ga sanarwa a rediyo cewa da la'asar za a sa waƙoƙin da matan zumuntar cocinmu suka rera a wani taro. Har da muryata a ciki, kuma ban taɓa jin kaina a rediyo ba. Na yaye leshin nan. Na leƙa ƙofar dama, ga kaset a ciki, babu rubutu a jikinsa. Na mayar da shi farko, na gwada jan maɓalli, ya shige sumul. Na ce alhamdu, babu kowa a ciki. Na zauna ina kaɗa kai ina bin waƙa, har aka ɗauke wuta ana saura kaɗan shirin ya ƙare. Haushin masu wutar ma na ji a ranar, ni da ya kamata in yi musu godiya.

Da ya dawo na tare shi da fara'a, na ce ya zo ya ji abin da ƙanwarsa ta iya. Ya dubi leshin a kan kujera, ya dubi ƙofar dama. Da wuta ta dawo bai ma jira ta zauna ba. Ya kunna, muryoyinmu suka cika falo, mu arba'in da ganga da kacau-kacau. Ya tura gaba, mu ne. Ya sake turawa, mu ne. Sai ya zauna a ƙasa, dattijo da furfurarsa, ya ce, "Mama ke ciki."

Na ce ai maɓallin ya shiga, kuma shi ya ce in ya shiga babu kowa. Ya ce haka ne. Ya ce ya ɗauki makulli ya fi sau goma, ya kasa ɓalle kunnen, don in ya ɓalle ya yarda ke nan ba za ta ƙara wani baiti ba. Sunanta ma ya kasa rubutawa.

Na ga mutuwa iri-iri a wurin aiki, amma ban taɓa jin na kashe mutum da hannuna ba sai ranar. Da na sani ƙeya ce. Na so ya zage ni, ya kore ni, ko ya fasa wani abu. Yaya bai yi ko ɗaya ba. Ya lulluɓe injinsa, ya yi sati biyu bai kunna ko labarai ba. Muna gaisawa, muna cin abinci a tebur ɗaya, falon kuma shiru kamar ana zaman makoki na biyu. Na haɗa kayana sau biyu, matarsa tana kwancewa, tana ce mini hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ana jibi zan koma aiki ya kira ni falo da hantsi. Na tarar an kori kaji, ga makirfo a kan tebur. Ya ce ya saurari kaset ɗin har ƙarshe, kuma ɗauke wutar nan ta bar mana ɗan guntu. Ya rubuta lambar wurin a takarda, daga ƙananan lambobin nan masu juyawa in kaset yana tafiya. Sa'an nan ya ce, "Ni makarantar kwana aka kai ni. Ke kika zauna da ita a bakin dutse. Ke kika goge, ke za ki mayar."

Na ce ban iya ba, na manta. Ya danna ja ya ɗaga yatsa.

Na fara. Baitin farko ya zo, na biyu ya biyo shi, abin da na ɗauka ya ɓace ashe yana kwance. A na huɗu na ce tsuntsuwar da ke cikin waƙar ta sauka a kan rumbu. Sai mutumin da bai taɓa tari a kaset ɗin kowa ba ya manta da yatsansa yana sama, ya ce, "A'a, a kan tsamiya ne!" Na ce rumbu ne. Ya ce shi da ya ɗauka da kunnensa? Na ce ni da na niƙa da hannuna fa? Muka kaure da musu kamar yara, ya rera nasa da muryarsa mai kama da ta tsohon rago, na fashe da dariya, shi ma ya fashe, dariyar ta juye mana kuka. Duk wannan idonsa na kan lambobin. Suna isowa inda ya rubuta ya tsayar, bai ci wa Mama ko numfashi ɗaya ba. Ya ɗauki makulli ya ɓalle kunnen, ya miƙo mini.

Bayan rasuwarsa mun saurari kwali uku na kaset, muna neman inda ya yi magana. Tsofaffin gari duka suna nan, shi babu. Mutumin da ya tsare muryar kowa bai ajiye tasa ba, sai wadda ɓarnata ta fizgo daga bakinsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zamanin nan. Yau kowa da makirfonsa a aljihu. Jikokinsa sukan aika wa juna murya sau hamsin a wuni, in waya ta cika su share duka da yatsa ɗaya, ko waiwaye babu. Na san zai yi tsaki, ya ce maganar da ba a kori kaji dominta ba ba magana ba ce. Amma na san shi da son abin zamani. Ba zai kwana biyu ba zai sayi tasa, ya ɗinka mata riga, ya kafa mata dokoki goma sha biyu.

Injin yana ɗakina yanzu. Farantin faifai ya daina fitowa, ƙofar hagu ta koma cin kaset, rediyon ne kawai ke da cikakkiyar lafiya. Sau ɗaya a shekara nake kunna kaset ɗin nan, ranar da ya rasu. Bara ƙofar dama ta fara jan zaren, na zaro shi da ƙyar na naɗe da biro. Mai gyaran rediyo na bakin kasuwa ya duba ya ce robar da ke juya shi ta saki, kuma irinta ta daina zuwa. Ya ce wataƙila ya yi sau ɗaya ko biyu, wataƙila kuma ya tsinke zaren. Na yanke shawarar ba zan sake kunnawa ba. Gara in san yana ciki da in goge shi kamar yadda na goge Mama.

Shekaranjiya 'yarsa Alheri ta zo daga Abuja, da ayabar da ta saya a Jere. Ta ce, "Anti, kaset da ba a ji, da shi da babu duk ɗaya ne. Ki kunna, ni zan ɗauka da waya." Na ce in ya tsinke fa? Ta ce, "Baba da kansa ya ce a kori kaji a danna." Bakin ubanta ne da ita sak.

An kawo wuta da rana, muka jira ta zauna. Na goge kan da auduga, na hura. Alheri ta jingina wayarta a jikin lasifika ta danna nata jan. Na ce Ubangiji ka taimake ni, na danna nawa, na ga yatsana ya tashi sama da kansa. Kaset ya yi ƙara, ya ja, ya kama hanya. Ga ni ina rera waƙa da muryar shekarun baya. Ga shi ya faɗo ciki da tsamiyarsa. Alheri ta toshe bakinta da hannu biyu don kada kukanta ya shiga. Ni idona na kan zaren har ya wuce musun, ya wuce dariyar.

Da aka gama na tambaye ta ina kunnen da ake ɓallewa a waya. Ta ce babu, sai dai a aika wa mutane da yawa, in ya ɓace a hannun wani yana hannun wani. Kafin in ninke leshi ta tura wa dangi duka. Da yamma wani jikansa da bai iya gaisuwa da yarenmu ba ya kira yana tambayar ma'anar baiti na huɗu, kuma wai shin rumbu ne ko tsamiya. Na ce masa rumbu ne, amma ya rera da tsamiya.

Gidan da Yaya ya gina ya fara tsagewa, makarantarsa ta canja fenti da hedimasta sau da yawa, injin kuma ba na jin zai ga baɗi. Abin da ya rage shi ne abin da ya saurara ya adana, da yadda ya karɓi ɓarna mafi muni da aka taɓa yi masa ya mayar da ita aikin da mu biyu za mu yi tare. Ban taɓa ce masa ya yafe mini ba, shi ma bai taɓa cewa ya yafe ba. Kunnen da ya ɓalle ya miƙo mini ya isa.

A ƙarshen kaset ɗin, bayan dariyarmu ta yanke, akwai ɗan shuu na daƙiƙa biyu. Daga nan sai tarin tsohuwa, sai muryar Mama da yarenmu, a gajiye, tana cewa, "Iliya, ya isa haka. Kashe abin nan ka zo ka ci tuwo." Shekara tara ke nan da ya amsa kiran. Allah ya ba su hutawa su biyun.