Taimama a Gefen Mota Cike da Ruwa

Ɗan ƙanwata sana'arsa sayo motoci daga Kwatano. Wata shekara, bayan an gama girbi, ya shigo Kontagora da wata mota da ba mu taɓa ganin irinta ba. Doguwa ce, fara, da gado a ciki, da wurin girki, da banɗaki, har da famfon ruwan sanyi da na zafi. Mutanen unguwa suka yi ta zuwa kallo.

A makon aka yi mana rasuwa a Zugurma, ya ce shi zai kai ni gaisuwa. Na fito da butata kamar yadda na saba.

"Kawu, ajiye butar nan," in ji shi. "Kana cikin gida mai famfo, me za ka yi da buta?"

"Ita dai ba ta taɓa ba ni kunya ba."

"To yau ta huta. Da hannuna na cika tanki."

Na ajiye ta a zaure.

Ba mu tashi da wuri ba, hanya kuma ba ta da kyau, motar tana tafiya tana rangaji kamar tsohuwar saniya. La'asar ta same mu a daji, babu gari gaba, babu gari kusa a baya. Na ce ya tsaya. Na naɗe hannun riga, na yi bisimilla, na murɗa famfo. Ya yi tari, sannan ya zubo da wani ruwa mai launin ruwan hoda, kamar zoɓon da aka cika wa ruwa, da ɗan kumfa da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi.

"Ikon Allah! Kawu, zoɓon Turawa ne, kyauta suka haɗo mana."

Ban yi dariya ba, don ina kallon rana. Tun muna yara aka karantar da mu, muna rubuta fassarar da ajami a gefen takarda, cewa ruwan alwala sai wanda baƙon abu bai sauya masa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ba. Wannan kuwa biyu sun sauya a gabana, na ukun ban yi niyyar gwadawa ba. Muka bar famfon yana zuba ko zai washe. Muka buɗe na zafi, shi ma haka. Abin shan da muka riƙo lemon kwalba ne kawai. Ɗan nawa ya gangara wani rafi, ya dawo da yashi a takalmi.

Ya kira wanda ya sayar masa da motar, ya buɗe murya ina ji. Mutumin ya ce a ƙasar da motar ta fito, in sanyi ya shigo ruwa yakan daskare a cikin bututu ya zama ƙanƙara, ya kumbura ya fasa shi. Shi ya sa kafin a ajiye irin wannan mota sai a tsiyaye ruwanta duka, a zare toshiyar tukunyar dafa ruwa ta zube, a juya makunninta don kada komai ya shige ta, sannan a ɗura wannan maganin hana daskarewa a bututai. Mai ita na asali, da alama, har cikin tanki ya zuba. Ya ce kada a kunna hita tukuna, tukunyar a bushe take, za ta ƙone.

Rana ta fara yin ja. Ɗan nawa ya daina wasa.

"Kawu, ka yafe mini. Ni na raba ka da butarka."

"Samo mini dutse mai tsabta."

Na buga tafukana a kan dutsen, na shafi fuska da hannuwa. Shi ma ya yi. Muka yi sallah a gefen titi, motar tana tsaye a bayanmu da ruwa cike da cikinta. Na daɗe da sanin hukuncin taimama, amma ban taɓa jin sauƙin da ke cikinsa ba sai ranar.

Da muka dawo gida, mai gyaran famfo ya zo ya zubar da tankin, ya yi ta ɗauraye bututan har ruwa ya fito garau, ya mayar da makunnin tukunya yadda yake. Ina zaune ina kallonsa, hankalina yana kan wani mutum da ban sani ba, a ƙasar da ruwa ke zama dutse. Ya durƙusa cikin sanyi yana bin bututu ɗaya bayan ɗaya, yana tanadin shekara mai zuwa. Ko sayarwa ya yi, ko magada ne suka sayar, Allah ne masani. Abin da ya yi don kiyaye motarsa shi ya hana ni alwala a dajin Zugurma, kuma ban ji haushinsa ba.

Mai gyara ya ce in gwada. Na tara hannu, na duba, na shinshina, na kurkure baki. Ruwa ne. Na yi alwalar azahar a nan cikin motar, ɗan nawa yana tsaye a ƙofa riƙe da butata, ya cika ta, yana neman inda zai ajiye ta kusa da kujerata.