Ranar da Bidi Ya Ƙi Juya Inji

Har gobe ba zan manta da ranar da Bidi, dokin injinmu, ya ƙi tafiya ba. Lokacin yaƙin duniya na biyu ne, sukari ya yi wuya a kanti, mazarƙwaila ta samu kasuwa. Ina aiki a injin matsar rake na Malam Tanko a ƙasar Maƙarfi, ni da yayana Istifanus. Daga wajen Malikanchi muka zo, kuma mu biyu ne kaɗai Kirista a wurin.

Ku da kuka taso da inji mai shan mai, bari in faɗa muku yadda namu yake. Ƙarafa ne masu matse rake, da dogon itace a samansu. Doki ke jan itacen yana zagayawa, mutum ɗaya na biye da shi. Wani yana tura rake, ruwan na zuba a garwa, a kai wa mai dafuwa. Shi ne babba a cikinmu bayan mai inji. In ruwan ya yi kauri a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Ni ke tura rake, Yaya ke kora doki.

A tsakiyar aikin shekarar ciwon haƙarƙari ya kama Yaya. Bai yi mako ba ya rasu. Muka binne shi a gida, na zauna kwanakin makoki, na koma bakin aiki don babu yadda zan yi. A jana'izarsa ban iya buɗe baki na yi waƙa ba, bayanta ma ban yi ba. Ban bar addu'a ba, amma a taƙaice nake yinta, kamar mai gaida wanda yake fushi da shi.

Na tarar an jibge raken Malam Garba, wani manomi daga Dandamisa. Ya ji an ce za a ci gaba da aikin inji, sai ya sare gonarsa gaba ɗaya. Shi kuwa rake in an sare shi ba ya jira. In ya daɗe a ƙasa sai ya yi tsami, ko an dafa ba zai daskare ba. Noman shekararsa ke nan kwance a rana.

Aka ɗaura wa Bidi itace da safe, ya tsaya ƙyam. Aka ja linzami, aka yi masa tsawa, aka sa bulala. Ya jure, bai ɗaga ƙafa ba. Aka aro dokin mai unguwa, shi kuma na hawa ne, bai san zagaye ba. Ya yi tsalle ya kusa karya itacen, aka mai da shi.

Malam Garba ya karya rake ɗaya ya tauna, ya tofar. Ya ce, "Jibi war haka sai dai a ba shanu."

Malam Tanko ya daɗe yana duban Bidi, sannan ya kira ni. Ya ce, "Bulus, marigayi da me yake korar dabbar nan? Ban taɓa ganin bulala a hannunsa ba."

Na ce, "Maigida, waƙa yake yi masa."

"Wace iri?"

"Ta sujadarmu."

"To, ka iya ta?"

Na sunkuyar da kai. Na ce na iya, amma tun da aka rufe shi ba ta fito mini ba. Kuma na ji nauyin in ɗaga murya da ita a gabansu.

Ya ce, "Shekara nawa muna jinta, wa ya taɓa hana shi? Waƙarka tsakaninka da Ubangijinka ce. Ni dai a juya mini inji."

Malam Garba ya ce, "Ɗan'uwa, ka taimaka. Ko kuka ne ka yi masa, in dai zai tafi."

Na bar wa wani tura rake na koma bayan doki. Na fara, murya ta karye, na sake farawa. Bidi ya juyo da kunne ɗaya. Da na kai tsakiyar baiti sai ya sauke kai, ya jingina ƙirji da igiya, itace ya yi ƙara. Ruwan rake ya fara ɗiga a garwa.

Mai dafuwa, wani tsoho mai barkwanci da muke kira Baba Audu, ya leƙo daga bakin murhu. Ya ce, "Ikon Allah. Da wannan muryar? Ni na ce gudu yake yi ya tsere mata, igiya ce ta hana shi."

Kowa ya yi dariya, har ni. Ita ce dariyata ta farko tun rasuwar.

In na yi shiru don in haɗiyi yawu sai Bidi ya rage tafiya, Malam Garba ya ce, "Ɗora, Bulus, ɗora." Ga shi waƙar gajera ce. Abin da take cewa kawai shi ne, abin da Allah ya ba ni yau ya ishe ni yau, kuma Yesu bai bar ni ni kaɗai a hanya ba. Da safe doki nake rera wa, zuciyata ba ta ciki. Amma mutum ba ya faɗin magana ɗaya tun hantsi har azahar bai saurare ta ba. Da suka tafi salla na shayar da Bidi, na zauna a kan tarin tukar raken da aka matse, na yi kukan da ban yi ba a kabari. Bayan haka na yi godiya, doguwa, kuma ƙirjina ya yi sauƙi. Rashin yana nan, har yau ma yana nan, amma na san ba ni kaɗai nake ɗauke da shi ba.

Muka kai la'asar washegari kafin raken ya ƙare. Baba Audu ya kifar da kwano na ƙarshe a kan tabarma, mazarƙwaila ta faɗo a dunƙule, ja, mai ƙamshi. Malam Garba ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya ce, "Alhamdu lillahi." Na ce, "Amin." Ya zaɓi masu kyau ya ɗaure a tsumma, ya ce in kai wa matar marigayi da 'ya'yansa.

Daga ranar na zama mai kora doki, na yi shekaru a kai. Abin da aikin ya koya mini shi ne, a wurin inji ba wanda ake raina aikinsa. Muna ganin Yaya yawo kawai yake yi a bayan dabba, sai da ya tafi muka san shi ke riƙe da mu duka. Mutanen kuma ba su iya doguwar ta'aziyya ba. Sun ba ni aiki, sun tsokane ni, sun bar ni na kira Ubangijina da ƙarfi a tsakiyarsu. A lokacin, abin da nake bukata ke nan.