Bangon Gabas na Gidan Beryl

Ranar Talata muka binne Beryl Trengove, ƙawata ta shekara hamsin da ɗaya. A gidan dutsen nan na bakin hanya, kusa da garin Burra, aka haife ta, a ciki kuma ta cika.

Kakan kakanta ne ya gina gidan, ginin ha'inci kuwa. A 1974 bangon gabas ya zube cikin ruwan sama. Mijinta Clem ya dubi tarin duwatsun, ya ce bayansa na ciwo. Beryl ta kwaɓa farar ƙasa da yashi, ta yi wata biyar tana ɗora dutse kan dutse, ni ina miƙa mata shayi.

Bayan shekara arba'in aka zo faɗaɗa hanya. Aka ce za a rushe gidan, sai dai in ya shiga jerin gidajen tarihi. Aka turo masani daga Adelaide, wani Dakta Fenwick, da sabon takalminsa. Ya bi bango uku na asali yana yatsina fuska. Da ya iso bangon gabas sai ya cire hula.

"Mama, kin san abin da kike da shi a nan? Irin wannan hannu tun 1860 ya ƙare. Mazan jiya ke nan."

"Maza kam," in ji Beryl.

"Ba a dai taɓa shi ba ko? In akwai gyaran zamani, takardar sa gidan a jerin ba za ta wuce ba."

Beryl ba ta iya ƙarya ko a wasan kati. Kuma duk baƙon da ya shigo sai ta ja shi gaban bangon nan, ta nuna masa yatsan da dutse ya murƙushe mata. Ina kallo ta tura hannun cikin aljihu.

"Ɗan nan, wa zai taɓa shi? Mijina ko ƙusa bai iya bugawa ba."

Wannan kam gaskiya ne, Allah ya jiƙan Clem.

Hanya ta kauce wa gidan. Hukumomi suka manna allon tagulla da sunan kakan kakanta, suka aiko mata da doka shafi goma sha biyu: kada ta sa hannu a bangon sai da ƙwararre. Ƙwararren ya zo, ya yini yana tambayarta yadda magabata suke kwaɓi.

Da ya tafi ta nuna ni da cokali.

"Ke Noreen, kika buɗe bakin nan naki, ko ina kabari sai na taso."

"Bari ki mutu tukuna, uwar baƙin taurin kai."

Ta ɗauki shekaru kafin ta ji maganata, amma ta ji.

An daɗe da gama hanyar, ba wanda zai tone kwalta don wata tsohuwa ta yi surutu. Saboda haka ga shi na faɗa: Beryl ce ta gina bangon.

Jikarta Tegan za ta tare a gidan wata mai zuwa. Ni har yau na kasa bi ta wurin. In zan je kanti, ta bayan makiyayar tumaki nake zagayawa.