Gonar da Baba ya ƙi sayarwa

Da kakar bana Baba ya cika shekara tara da rasuwa, Allah Ya jiƙansa. Har yau in na shiga motar Ajingi sai na tuna ranar da na kai masa mai sayen gona har ƙauyenmu Toranke, ina ta hura hanci wai na yi dabara.

Baba masinja ne a Kano har ya yi ritaya. Da fansho ya fara fitowa, sai na matsa masa ya sayar da gonar gado, ya sayi ɗan gida kusa da ni a birni, shi da Inna su huta. Ya bar mutumin ya zaga gonar tsaf, ya sa aka dama masa fura, sannan ya juyo gare ni.

"Ɗanlami, fanshon nan da sunan wa yake?"

"Da sunanka mana, Baba."

"To, ran da babu ni, uwarka me za ta ci?"

Na ji haushi ƙwarai, wata uku ban taka garin ba. Fanshon bai taka kara ya karya ba, amma a ƙauye ya yi auki. Shi ke sayen taki, shi ke biyan masu garmar shanu lokacin da gwiwar Baba ta ƙi. Abokin aikinsa Malam Sule, da ya zauna a birni, nasa kan ƙare a haya da gawayi kafin wata ya raba.

Da Baba zai ga yau, ana turo fansho ta waya, da ya yi murna. Sai kuma ya tambayi kuɗin kwanon gero, ya ja tsaki.

Bayan rasuwarsa fansho ya tsaya. Bara ni ma aka sallame ni daga aiki, na daɗe ban aika wa Inna komai ba. Na tafi Toranke ina fargabar ko tana da abinci. Na tarar da ita a inuwa tana ɓarar gyaɗa, rumbu cike, maƙwabci na noma gonar suna raba amfanin. Na sauke ajiyar zuciya, har sai da na yi ƙwalla.

Ta dube ni ta ce, "Kai, ka rame. Yaran nan suna ci kuwa?"

Na sunkuyar da kai. Ba ta ƙara tambaya ba, ta sa aka ɗora mini buhun dawa biyu a mota. Shi 'ya'yana suka ci har damina ta faɗi. Kullum in na yi wa Baba addu'a, nakan gode wa Allah da Baba bai ji maganata ba.