Robar da Zulai Ta Dawo da Ita

Na daɗe ina aiki a ɗakin yara, amma har yau ban manta da safiyar Talatar da Zulai ta dawo mini da roba ba. Ku da kuka kama aiki bayan an fara ɗiga wa jarirai rigakafin cutar rota, bari in ba ku labarin.

A lokacin ina ƙaramar nas a wani asibiti nan Wudil. Aka kawo mana aikin bincike, ana son a gano cikin yaran gari masu gudawa, nawa ne ƙwayar rota ta kama. Ƙa'idar a rubuce take. Yaro bai kai shekara biyar ba, an ba shi gado saboda gudawa, uwa ta yarda ta sa hannu ko ta dangwala yatsa. Sai mu ɗebi bahayansa a 'yar roba mai murfi kafin ya cika kwana biyu a gado, mu liƙa lamba, mu sa a firji, a kai Kano a gwada. Wanda ba a samu bahayansa ba, ba ya shiga lissafi.

Zulai ta zo ranar Juma'a da hantsi, goye da ɗanta Sadiku mai wata goma. Kwanansa uku yana amai da zawo. Idanunsa sun faɗa, maɗigarsa ta lotsa, ko kuka ba ya iya yi. Na tambaye ta abin da ya hana ta zuwa da wuri, ta ce a gida an ce haƙori ne. Da ƙyar muka samu jijiya muka sa masa ruwa. Da na ga kamar ya lafa, na yi mata bayanin aikin, ta dangwala, na ba ta roba na ce in ya yi ta kira ni. Kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa. A wannan ruɗani ba wanda ya tuna da roba.

Ranar Talata ina rabon magani na gan ta tsaye a bakin ƙofa. Na yi mata gaisuwa, ta amsa, sannan ta ciro leda daga cikin hijabi.

"Sista Rabi, ga shi. A tsummansa na ƙarshe na kankaro. Don Allah ku duba ku faɗa mini abin da ya kashe shi. Uwar mijina cewa take nonona ne ba shi da kyau."

Na kai wa likitan da ke kula da binciken a wurinmu. Ya tambayi kwana nawa abin ya yi ba firji, na ce huɗu. Ya girgiza kai.

"Ko an gwada, ba sakamakon da za a dogara da shi. Ki ja layi a fom ɗinsa, ki rubuta ba a samu ba."

Na ce, "Dakta, ai duk alamun sun nuna."

"Na sani. Amma in muka fara ƙirga zato, aikin duk ya lalace."

Ba rashin tausayi ba ne, gaskiya ya faɗa. Na ja layin da hannuna.

Na koma na zaunar da Zulai a benci. Na faɗa mata ba za a iya gwadawa ba, amma na rantse mata ba nononta ba ne. Ta ce in rubuta mata sunan cutar a takarda ta nuna a gida. Na ce ba ni da ikon rubuta abin da ba a gwada ba. Sai ta tambaye ni:

"To shi ke nan, ba a ƙirga shi ba?"

Na ce ba a ƙirga ba.

"A layinmu shi ne yaro na uku da zawo ya kashe. Sauran biyun ko asibiti ba a kawo su ba."

Ta miƙe ta gyara hijabinta ta tafi. Ban sake ganinta ba, ban kuma san yadda ta ƙare da mutanen gidan ba.

Saboda haka in an miƙo muku rahoton irin wannan aiki, ku girmama shi, don da wahala aka haɗa shi. Amma ku sani waɗanda suka iso da sauran ƙarfi ne a cikinsa. Waɗanda cutar ta fi yi wa illa, da yawansu sai dai ku ji labarinsu a bakin uwayensu, in kun tsaya kun saurara.