Anti Jan Biro da Garken Taurari Goma Sha Huɗu

Ƙarfe bakwai da rabi take shiga ofis, kafin mai shara ya gama da baranda. Ta ajiye jaka, ta goge tabarau da gefen mayafi, ta kunna injin buga takarda wanda sai an ɗan mare shi yake tashi. Daga nan sai ta hau manna dogayen takardu a bango, rula a hannun hagu, jan biro a dama. Shekara ashirin da shida tana haka a cibiyar binciken sararin samaniya, har sunanta na yanka ya ɓace a bakin mutane, kowa Anti Jan Biro yake ce mata. Ba ta da digirin da ake rusuna wa. Mataimakiyar ɗakin awo ce, iyakar muƙaminta ke nan.

Ga abin da take aunawa. Can nesa, inda hankali ba ya kaiwa, taurari garke-garke suke zaune, kuma kowane garke yana lulluɓe da siririyar iskar gas da ido ba ya gani. Daga wannan lulluɓi garke yake jawo abin da zai haifi sababbin taurari, cikinsa kuma yake fesar da abin da fashewar tsofaffin ta koro. Garken da ya daina samu, haihuwa ta tsaya masa, sai tsufa da dushewa. Na'urar hangen nesa tana kamo hasken garken ta tsaga shi launi-launi kamar bakan gizo, gas ɗin kuma yana barin baƙaƙen layuka a ciki. In layi ya karkata wajen shuɗi, gas fita yake yi. In ya karkata wajen ja, shiga yake yi. Wani lokaci karkatar ba ta kai kaurin gashin gira ba, kuma ita ce Anti take bi da rula. Fitar gas ana ganinta kullum. Shigarsa ce mai wuyar kamawa, wanda duk ya kama ta sunansa ya zaga duniya.

Bara ɗalibar Farfesa, shugaban cibiyar, ta ce ta kama. Shekara uku tana kan aikin, ta bar jaririnta wurin mahaifiyarta don ta gama. Garke goma sha huɗu, duk layukansu sun karkata wajen ja. Farfesa ya kama zauren taro, ya gayyaci 'yan jarida, ya ma ɗinka sabuwar kwat. A daidai wannan lokaci takardar sabunta aikin Anti tana kan teburinsa ba sa hannu, kuma an daɗe ana raɗe-raɗin cewa kwamfuta za ta iya abin da take yi. Ta san da haka sarai.

Ba wanda ya ce ta duba. Ita dai ɗabi'arta ce, abin da bai hau bango ba, ba ta yarda da shi ba. Ta manna goma sha huɗun a jere, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ta ga duk karkatarsu ɗaya ce, ba ragi ba ƙari. Sai ta auna layukan da iskar duniyarmu take bari a cikin hasken, waɗanda ba su da dalilin motsi ko kaɗan. Su ma sun karkata. Ta je ta buɗe littafin ɗakin na'ura, ta tarar an kwance na'urar an yi mata gyara a makon da aka ɗauki hasken, amma ma'aunin da ɗalibar ta gwada da shi na kafin gyara ne. Ba gas ne ya motsa ba, na'ura ce ta gota.

Kwana uku abinci ba ya wuce mata. Maigidanta, tsohon direba, ya gaji da ganinta tana juya cokali.

"Ke dai ki kama bakinki," in ji shi. "Wa ya aike ki? Taurarin nan danginki ne?"

"Baban yara, na riga na gani. Yaya zan yi da abin da na gani?"

"Ki yi kamar tabaranki ne ya yi datti. Takardarki fa tana hannunsa."

"Na san inda takardata take."

Anti ta fara samun ɗalibar ita kaɗai, ta tura ƙofa ta rufe. Ta ɗora mata rula a kan layin, har yarinyar ta gani da idonta.

"Anti, shekara uku," in ji ɗalibar. "Ɗana Yaya yake ce min, bai san ni na haife shi ba."

"Na sani, 'yata. Gara ki ji daga bakina a ɗakin nan da ki ji daga bakin baƙo a gaban taro."

Sannan ta nufi ofishin Farfesa da takardun a hammata. Sakatariyarsa ce ta ba ni labarin, don ƙofa a buɗe take.

"Malama, kwamfuta ta riga ta tabbatar," ya ce, ko kallon takardun bai yi ba.

"Ranka ya daɗe, kwamfuta abin da aka ba ta shi take ci. Duba nan. Har iskar saman ginin nan ta karkata. Ita ma garken taurari ne yake zuƙe ta?"

Sakatariya ta ce sai da ta ciji leɓe don kada dariya ta ƙwace mata. Farfesa bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon layin, sannan ya ce ta iya tafiya. Aka soke taro, aka ce wa 'yan jarida an ɗage. Ɗalibar ta yi wata biyu ba ta gaishe ta ba. Ƙarshen wata na biyun ambulan ya iso wa Anti: ba za a sabunta aikinta ba, an gode da hidima. Layi biyu ne kacal, ta karanta a tsaye, ta ɓare takardunta daga bango, mai shara ya taya ta ɗaure su. Ni da nake aiki a laburaren cibiyar, ina gani ta taga ban fito ba, kuma har yau kunyar wannan ba ta sake ni ba.

Anti, ke ce kika hana cibiya guda kunyar duniya, aka saka miki da ambulan. Ke ce kika ceci digirin yarinyar nan, don da ta sake awo daidai, garke biyu cikin goma sha huɗun sun tsaya, kuma da su ta gama. Mai idon da ba ya cin hanci, kin san abin da za ki rasa, kika shiga ofishin nan da ƙafarki. Mun gode, mu da muka yi shiru. Masu rula da masu littafi da masu goge madubi, duk wanda aikinsa ya nuna masa karkata, ya tuna da matar nan ya buɗe baki.

Makon jiya sabon awon kwamfuta ya rikice, Farfesa ya aika direba gidanta, wai ta zo ta ɗan leƙa musu, taimako kawai. Maigidanta ya rantse ba inda za ta.

"Ba don shi zan je ba," ta ce, tana neman takalminta. "Akwai wata yarinyar a bayan awon nan."

A bakin ƙofar cibiya mai gadi ya miƙe ya gaishe ta, ya tambayi yara. Sai ya sunkuyar da kai, ya ce katinta na shiga ya daina aiki, doka ce, ta yi haƙuri. Ya tura mata littafin baƙi. Ta ciro jan bironta ta rubuta sunanta, da lokacin shiga. A gurbin da aka ce wurin wa aka zo, ta tsaya jim, sannan ta tambaye shi me baƙi suke rubutawa.