Ranar da 'Yan Acaɓa Suka Far wa Silas Bakanike

Silas mutumin Gbagyi ne, ya tashi yana noman doya tare da mahaifinsa, har ranar da aka yanka gonar filaye aka soma aza tubali a kai. Daga nan ya tafi Suleja ya koyi gyaran babur. Shekarar da soja suka miƙa mulki ya kafa rumfarsa a Dutse Alhaji, bakin titin Bwari. Ya kuwa zo a kan gaɓa. Gine-gine sun kankama a Abuja, mashina sun yi araha, samari na ta kwararowa suna acaɓa. Matarsa Monica, uwar 'yarsa Clara, tana soya doya a gefen rumfar.

A 2004 wani yayi ya shigo. 'Yan acaɓa suka riƙa cire kan babur na asali suna sa dogo, mai lanƙwasa kamar ƙahon bijimi. Silas ba ya ƙin aikin, amma yana da sharaɗi: in kai ya ƙara tsawo, dole wayar birki da ta kuloci da ta totur su ƙara. Yakan bi da su ta bayan fitila, ya ɗaure don kada ƙarfe ya cinye su, sannan ya tada inji ya murɗa kan zuwa dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe. In ƙarar inji ta ɗaga ko kaɗan, wayar totur na ja ke nan, sai ya kwance ya sake.

Wata Asabar da hantsi wani ɗan acaɓa mai suna Lukmanu ya zo da sabon kai ɗaure a bayan mashin.

"Oga Silas, sa min wannan in tafi. Akwai biki a Kubwa, fasinja kamar ƙasa."

Silas ya ɗora kan, ya gwada tsofaffin wayoyin, ya ga sun gaza da kusan yatsa huɗu.

"Lukmanu, wannan waya, shi gajere ne. Bari Litinin in je Zuba in kawo dogo."

"Haba Oga, ja ta mana, ai za ta kai."

"Zai kai in kana tafiya miƙe. In ka yi kwana fa? Ni ba na sa hannuna."

Lukmanu ya ja tsaki, ya ɗauki filaya a kan benci, ya tsuguna ya jawo wayoyin da ƙarfi ya maƙala da kansa. Silas na yi masa magana ya tada mashin ya tafi.

Bai yi nisa ba ya ɗauki wata mata, Hansatu, ma'aikaciyar wata ma'aikatar tarayya da ta fito cefane. A kwanar kasuwa ya karya kai hagu, wayar totur ta ja, mashin ya yi tsalle kamar an tsikare shi. Ya damƙi birkin gaba, wayar ta tsinke. Suka shige gefen wata tifar yashi. Hansatu ko shurawa ba ta yi ba. Tayar bayan tifar ta bi ta kan ƙafar Lukmanu, aka zaro shi a sume.

Cikin taron sai wani ya ce, "A rumfar Silas na ga mashin ɗin nan ɗazu."

Silas na cin doya ya ji rugugin mashina, sun fi talatin. Bai gama miƙewa ba aka zabga masa sarƙar babur a fuska, gira ta dare, jini ya rufe masa ido. Yana cewa, "Ku tsaya, ba ni ya sa ba!" wani ya maka masa salansa a baya, ya kifa. Suka rufe shi da ƙafa da sanda. Biyu suka danne hannunsa na dama a kan wani tsohon inji, na uku ya ɗaga guduma ya sauke, ya sake saukewa. Monica ta ce har yau tana jin ƙarar ƙashin.

Da ta ga an rataya masa taya, wani yana zuƙo fetur daga tanki, sai ta sunkuci kaskon mai daga kan wuta da gefen zaninta. Ta watsa wa mai fetur ɗin a ƙafafu, ya faɗi yana birgima yana kururuwa. Ta tsaya a kan mijinta da sauran man yana tafasa.

"Wanda ya ƙyasta ashana, shi zan soya! Baban Clara, kada ka motsa."

Suka ja baya. Suka huce a kan rumfar, suka cinna mata wuta da mashina huɗu na mutane a ciki, kafin 'yan sanda su iso.

Ɗaki ɗaya aka kwantar da Silas da Lukmanu a asibiti. Rana ta uku Lukmanu ya farfaɗo ya tarar an yanke masa ƙafa daga gwiwa. Da ya ji abin da aka yi wa Silas, ya sa aka kira Farouk, shugaban ƙungiyar 'yan acaɓan unguwar, ya faɗi gaskiya yana kuka. Farouk ya tsuguna gaban gadon Silas ya cire hula.

"Oga, mun zalunce ka. Ka yafe mana."

Silas ya dube shi. Ya ce, "Lukmanu na yafe, nasa ya ishe shi. Ku kam ban sani ba tukuna."

Ƙungiyar ta sake kafa rumfar da sabon kwano, amma yatsun Silas uku ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Wata takwas yana koyon riƙe sifana da hagu. Da ya samu sauƙi shi da Monica suka je Durumi yi wa mijin Hansatu ta'aziyya, mutumin ya karɓe su hannu bibbiyu. Lukmanu 'yan'uwansa suka mayar da shi gida Funtua.

Silas ya ƙara shekara biyar a Dutse Alhaji, amma duk sa'ad da mashina suka taho a jere sai gumi ya karyo masa. A ƙarshe suka tattara suka koma Abaji, garin su Monica. Can yake yanzu, yana gyaran injin niƙa da na ban ruwa, yana kuma noma 'yar gonar da surukinsa ya ba shi a bakin rafi.